Kwaɗon Umma

Shekara talatin da ɗaya Umma ta yi tana koyar da lissafi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganinta da jakar da ba baƙa ba. Tsofaffin ɗalibanta, har waɗanda suka fara furfura, in suka hango ta a hanya sai sun gyara tsayuwa. Saboda haka ranar da ta fara fita da kwaɗo rataye a ƙirji, 'yan unguwa suka ɗauka jikarta ce ta ba ta ajiya. Aka yi wata, aka yi biyu, aka cinye shekara, kwaɗo bai sauka ba. Sai magana ta fara yawo ƙasa-ƙasa.

Jakar makaranta ce ta yara, kore shar, an yi ta da siffar wani kwaɗon katun da ake nunawa a talabijin da yamma. Idanunsa biyu sun fito sama kamar ƙwai, yana sanye da tabarau, bakinsa shi ne zif ɗin, in an buɗe sai ka ga jan harshe. Ta jikar Umma ce, 'yar babbar 'yarta, wadda ta daɗe da yar da ita don ta ce ta girma. Umma kuwa ba ta goya ta a baya kamar yadda yara suke yi. A gaba take rataya ta, a kan mayafi, inda ba yadda za a yi ido ya kauce mata. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa asibiti, da ita take zama a shagon Baba. Yaran layi in sun gan ta sai su kama waƙar shirin, ita kuma ta wuce abinta kamar ba da ita ake ba.

Auta, ƙaramar 'yarta, tana jami'a lokacin da abin ya fara. Yarinya ce da ba ta son ido a kanta. A aji kujerar jikin bango take zaɓa, kuma ta gwammace ta wuce inda za ta sauka da ta ɗaga murya ta tsayar da direba. Amma ba abin da yake wuce idonta. Ta lura cewa tun da Baba ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, shekara biyu ke nan, gidan ya sake hali. Hannunsa ya dawo, ya koma teburinsa na gyaran agogo, da gilashinsa maƙale a ido da hantsakinsa da 'yan ƙananan sukurori a murfin gwangwani. Sai dai Umma, wadda a da ba ta leƙa shagon sai da dalili, yanzu ta kafa kujera a bakin ƙofa. Kowa ya doso sai ta riga Baba gaishe shi da ƙarfi, ta kira shi da sana'arsa ko da dangantakarsa, ga tela nan, ga ƙanin mai gidan burodi nan, kamar mai kiran rajista. Ko Auta ce ta dawo hutu ta shigo falo, sai Umma ta ce ga Auta nan, alhali Baba yana kallon ƙofar. Shi kuma Baba ya samo wata sabuwar gaisuwa: ya kama hannun hagun mutum, ya juya shi, ya duba agogon da ke ɗaure, sannan ya yi murmushi ya tambayi lafiya. Auta ta ɗauka son sana'a ne ya ƙaru da tsufa. Agogon da ke hannunta shi ya haɗa mata da kansa, ƙarami mai shuɗiyar fuska, da ɗan tabo a gefen gilashi. Umma ce kaɗai ba a duba wa hannu, don fatarta ba ta shiri da madauri. Matar mai agogo ce, amma kullum sai ta tambayi lokaci.

Yaya, babbar 'yar, ita ce ba ta iya haɗiye magana. Ta yi lallashi, ta yi zolaya, ta ce ko za a sayo wa Umma kwalbar ruwa mai igiya da farar safa a cika kayan makaranta. Ta ce abokan aikinta sun tambaye ta ko ciwon Baba ne ya taɓa Umma a kai. Umma ta saurare ta har ta gama, tana jera maganin Baba a cikin bakin kwaɗon, sannan ta ce jaka ce, tana ɗaukar kaya, kuma zif ɗinta bai taɓa cin mayafinta ba. Da ido ɗaya na kwaɗon ya ɓalle, Baba da kansa ya zauna ya manne shi da gam ɗin da yake sa wa gilashin agogo, ya daɗe yana daidaita shi kamar wanda aka kawo wa agogon zinariya. Yaya ta kalli Auta ta ce to, abin na gida ne gaba ɗaya.

Auta ba ta taɓa cewa komai ba, sai da bikin yaye ɗalibai ya matso. Ita ce ta zo ta ɗaya a sashensu, kuma an sanar cewa duk wanda ya ci kyauta za a kira iyayensa su hau dandamali a ɗauki hoto. Tun ranar barci ya rage mata daɗi. Ta san 'yan ajinsu. Akwai wani malami da ya taɓa zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, safarsa mai zanen kyanwa ta leƙo, kafin a tashi daga darasi hoton ya zaga wayoyin aji, kuma har ya bar jami'ar sunan kyanwa bai bar shi ba. Auta ba ta yi dariya ba a lokacin, amma ba ta hana ba. Yanzu sai ta riƙa hango Umma a kan dandamali, mutum dubu suna kallo, kwaɗo yana zare ido ta cikin tabarau, wayoyi sun tashi sama.

Ta kai kukanta wurin Yaya, Yaya kuwa kamar jira take. Ta sayo jakar fata ruwan ƙasa mai kyau, ta kawo da kanta, ta ce kyautar biki ce. Umma ta juya ta, ta yaba ɗinkin, ta yi godiya, ta sa ta a saman kabad. Auta ta daure ta ce ko na rana ɗaya ne, Umma. Umma ta dube ta ta saman tabarau irin duban da take yi wa ɗalibin da ya tsallake layi a lissafi.

"Wurin zai cika?"

"Sosai, Umma. Shi ya sa."

"To shi ya sa," in ji Umma, ta ci gaba da gugar rigar Baba.

Da safiyar bikin, Umma tana wanka, Yaya ta ja Auta ɗaki ta ce in ba yanzu ba sai dai ta haƙura. Suka zazzage kwaɗon a kan gado: maganin hawan jini, katin asibiti, ƙyallen goge fuska, alewa biyu, ƙaramar sukudireba. Suka mayar da komai cikin jakar fata. Sai ga motsin ƙofar banɗaki. Auta ta rasa inda za ta jefa kwaɗon, ta naɗe shi ta cusa a ƙasan ledar da ta sa rigar yaye da hularta, ta danne.

Umma ta fito ta shirya, ta miƙa hannu kan ƙusar da take rataye shi, ta tarar da jakar fata. Ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado, ta ɗaga filo. Mijin Yaya yana ta danna ham a waje, Baba ya riga ya shiga mota. Yaya ta ce wataƙila 'yarta ce ta ɗauke kayanta, ai dama nata ne, a zo a tafi an makara. Umma ba ta ko kalli Yaya ba. Sai ta kalli Auta, kallo ɗaya, Auta ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmi. Umma ta ɗauki jakar fatar ta fita. A mota ta kama gefen rigar Baba ta riƙe, kuma da suka sauka a ƙofar jami'a ba ta saki ba. Yaya ta raɗa wa Auta cewa tsofaffin nan yau soyayya ta motsa.

Aka raba su a nan. Iyaye suka nufi babban ɗakin taro, ɗalibai aka jera su a doguwar baranda da ke gefensa, sashe-sashe, an ja igiya tsakaninsu da jama'a. Auta ta sa rigar, hannayen rigar suka rufe mata har yatsu, ta ɗora hula. Ledar ce ta zame mata kaya. Ba ta iya ba wa Yaya ba don kada Umma ta leƙa ciki, ba ta iya yar da ita ba, sai ta maƙale ta a hammata ƙarƙashin rigar. Makaɗa suka fara, lasifika tana ta kiran a zauna, mutum ba ya jin na kusa da shi sai ya sa baki a kunne.

Layin ya fara motsi ke nan Auta ta hango Umma. Maganin Baba yana sa shi yawan zagayawa, kuma ga alama Umma ta rako shi har ƙofar banɗakin maza, can ƙarshen barandar, ta tsaya jira. Kafin ya fito masu tsaro suka zo share hanya don jerin ɗalibai, suka tura duk wanda ke tsaye zuwa ɗaya gefen igiya. Auta ta ga Umma tana yi wa wani mai tsaro bayani da hannu, shi kuma yana girgiza kai yana nuna mata baya. Umma ta koma cikin mata kusan talatin, kowace ta ci ado, kowace da mayafi mai kyau da jakar fata a hannu.

Baba ya fito yana goge hannu. Ya tsaya. Tsakaninsa da Umma bai fi taku biyar ba, fuska da fuska. Umma ta ɗaga hannu, bakinta yana cewa Malam, Malam, ganga ta cinye muryar. Wasu matan ma hannu suke ɗagawa, suna kiran 'ya'yansu a layi. Idon Baba ya bi ta kan fuskar Umma ya wuce kamar ya bi ta kan bango. Ya dawo, ya sake wucewa. Auta ta lura ba fuskoki yake dubawa ba ma. Ƙasa yake kallo kaɗan, daidai ƙirji, mace bayan mace, yana neman abu kore. Sai ya sa murmushin nan da yake yi wa baƙon da ya shigo shago, murmushin da ya dace da kowa, hannunsa kuma yana ta murza ƙyallen har ya zama igiya.

Layi ya kawo Auta gabansa. Ta tsaya har ta bayanta ta yi karo da ita. Ta dube shi ido cikin ido. Ya dube ta, ya ɗan rusuna da ladabi, ya matsa baya don ya ba ta hanya.

A nan komai ya haɗu mata wuri ɗaya, kujerar bakin ƙofa da kiran rajista da juya hannun mutane. Baba ba ya gane fuska. Shekara biyu ke nan ba ya ganewa, har fuskar matarsa, har ta 'ya'yansa. Da murya yake gane mutane, da agogon da ya taɓa gyarawa. Wadda ba ta ɗaura agogo kuwa ta nemo masa abin da zai hango daga nesa, ta rataya a ƙirji, ta bar unguwa tana yi mata dariya.

Wani malami yana yi mata alama ta ci gaba. Auta, wadda ba ta taɓa fita daga layi ba tun tana firamare, ta fita. Ta zaro ledar daga hammata, ta fizgo kwaɗon, ta girgiza shi ya buɗe, ta ɗaga shi sama da hannu biyu har hularta ta karkace. Dariya ta tashi daga layin, ta ji wani ɗan ajinsu ya yi fito, ta ga wayoyi sun fara ɗagowa. Kunnuwanta suka yi zafi, amma ba ta sauke ba.

Fuskar Baba ta saki. Ya taho kai tsaye, bai ko kalli mai tsaron da ya tare shi ba, ya kama madaurin jakar ya riƙe gam.

"Malama, ina kika shiga? Na fito ban gan ki ba."

Auta ta sauke jakar a hankali, ta ja hannun rigar sama, ta miƙa masa hannunta na hagu. Ya duba shuɗiyar fuskar, ya shafa tabon gilashin da babban yatsa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Auta," ya ce. Sai kuma, ƙasa-ƙasa, "Agogon yana baya da minti biyu. Ki kawo in duba miki."

Umma ta riga ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya, abin da ba wanda ya taɓa zaton zai gani, ta iso tana haki. Ta karɓi kwaɗon daga hannun Auta, ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan, ya zauna a ƙirjinta a kan mayafin bikin. Sannan ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ta ce ai ta faɗa masa tabaran nan nasa ya tsufa, rana in ta haske masa ido ba ya ganin komai, amma ba ya jin magana. Baba ya ce gaskiya ne, rana ce. Umma ta juyo ga Auta ta gyara mata hula, ta ce ta koma layi, ana jiranta.

Auta ba ta ji rabin jawaban da aka yi ba. Daga inda take zaune tana hango ɗigon kore a tsakiyar dubban mutane, kuma ta gane cewa ko ita, da idonta lafiya, da shi ta gano inda suke. Da aka kira ta, aka kira iyayenta, sai ta ga Umma ta miƙe tana gaba, Baba yana bin ta da taku ɗaya, kansa a ɗage, yana gaida mutane hagu da dama kamar ya san kowa. An yi dariya, ba za a ce ba a yi ba. Amma can baya wani mutum mai furfura ya miƙe tsaye ya gyara rigarsa, wani ma ya miƙe a gefe, ga alama tsofaffin ɗalibanta ne da suka kawo nasu 'ya'yan. Umma ta hau matakala ba ta kalli masu dariyar ba, ba ta kalli masu tsayuwar ba, idonta yana kan ƙafar Baba.

Mai hoto ya jera su, ya leƙa, ya ɗago ya ce ko Mama za ta ɗan ajiye jakar jikan a gefe, minti ɗaya kawai. Yaya daga ƙasa tana ta ɗaga jakar fata tana nuna wa Umma. Umma ta buɗe baki, Auta ta riga ta.

"A bar ta. Tare muka zo."

Ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ta fita. Ta miƙa hannu ta daidaita madaurin da ya murɗe a kafaɗar Umma, ta naɗe hannun rigarta na hagu har gwiwar hannu, ta tsaya.

Da yamma, Baba ya kwanta hutawa, Yaya da mijinta sun tafi, Auta ta sami Umma a kicin tana mayar da magunguna cikin bakin kwaɗon. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Umma ki yi haƙuri. Umma ba ta ɗago ba, ta ba ta labarin a taƙaice kamar mai karanta amsar jarrabawa. Ranar da Baba ya faɗi, jakar jikarta ce ta fi kusa, ta zuba takardunsa a ciki ta bi shi asibiti. Da ya farfaɗo, kwana uku yana kiranta ma'aikaciyar jinya in ta yi shiru. Rana ta huɗu ta shigo da jakar a hannu ya ce ga Malama. Likita ya yi musu bayani, ya ce wani lokaci yakan dawo, wani lokaci ba ya dawowa. Baba ya roƙe ta kada yara su sani, ya ce ba zai iya jure su riƙa shigowa suna gaya masa ko su wane ne ba, kuma wa zai kawo agogo wurin wanda bai gane mai agogon ba.

Auta ta tambaya ko ba za a iya samun wani abu ba, jan mayafi, ko wata jakar mai launi.

"Na gwada. Mata nawa ne da jan mayafi a kasuwa?" Umma ta ja zif ɗin, bakin kwaɗon ya rufe. "Amma tsohuwa mai wannan, ni kaɗai ce a garin nan. Ba mai yarda ta yi gasa da ni."

Auta ta yi dariya, hawaye suka biyo. Umma ta ce ta share fuska kafin ya tashi, kuma maganar Yaya a bar wa Baba, shi zai faɗa mata ranar da ya shirya. Hoton da 'yan aji suka ɗauka ya zaga wayoyi kamar yadda Auta ta zata, ita da rigar yaye da kwaɗo a sama. Ta duba shi sau ɗaya, ta ga an kama Baba a gefe yana tahowa, ta ajiye shi a wayarta.

Na mai hoto kuwa aka sa masa firam aka rataye a shago, tsakanin agogunan bango. Duk wanda ya kawo gyara sai Baba ya cire gilashin ido ya nuna masa. Yatsansa ba ya laluɓe. Ya sauka kan kwaɗon ya ce wannan Malama ce, ya gangara zuwa hannun da aka naɗe wa riga ya ce wannan Auta ce, ta ɗaya a sashensu. Na tsakiyar, ya ce, tunda ba wanda ya rage, shi ne.